Kurajen fuska: yadda ake shan antibayotik da lokacin da ake ajiye shi

Shekaranjiya da daddare ƙanwar maigidana ta turo min hotuna biyu a WhatsApp, ɗaya na kumatunta ɗaya kuma na kafson nan ja da yalo, ta rubuta a ƙasa wai "Anti dan Allah ki duba min, mai kemis ɗin layinmu ya ce in sha biyu safe biyu dare kwana biyar duk za su bushe." Ina gani na ce ikon Allah, ashe har yanzu ana nan inda na baro. Ni ma da haka na fara tun ina makaranta, kusan shekara huɗu ina abu ɗaya, in sha kwana biyar kurajen su ɗan kwanta, in daina, bayan sati biyu su dawo har da gayyar 'yan uwansu, in koma kemis a canja min wani kalar kafso, har akwai lokacin da wata ƙawata ta koya min fasa kafson in juye garin cikin man shafawa wai ya fi saurin kamawa. Ban tsira da komai ba sai baƙin tabo da ciwon ciki. Sai da na haƙura na je asibiti aka ɗora ni kan tsari na wata uku, a nan na gane ashe maganin ba shi da laifi, yadda nake shan sa ne shirme.

To amsar da na ba ta ce na ga gara in faɗaɗa ta kowa ya amfana. Zan riƙa cewa "ke" don mata suka fi tambayata, amma maza da ku nake, musamman masu kurajen baya da ƙirji. Ni ba likita ba ce, wanda zai rubuta miki magani dole sai ya ga fuskarki ido da ido, nawa shi ne in nuna miki yadda za ki tafi da abin daga ranar farko har ranar da za ki ajiye ƙwayar.

Ki fara gane me ƙwayar take yi a jiki, in kin gane wannan sauran duk mai sauƙi ne. Kowane ƙurji daga ƙofar gashi yake tasowa, 'yan ƙananan ramukan nan na fata. A ƙarƙashinsu akwai inda ke fitar da maiƙo, kuma lokacin balaga ko gab da al'ada homon ɗin jiki yakan sa maiƙon ya ƙaru, sai matacciyar fata ta haɗu da shi su toshe ƙofar. A cikin ramin akwai wata ƙwayar cuta da ake kira Cutibacterium acnes, kowa yana da ita a fatarsa har mai fuska sumul kamar ƙwai, ba ƙazanta ke kawo ta ba balle a ce ba kya wanka, amma da zarar ƙofa ta rufe ta samu ɗaki ga abinci sai ta hayayyafa, jiki kuma ya taso mata da faɗa, wannan faɗan shi ne kumburin da zafin da mugunyar da kike gani. Antibayotik na sha abu biyu yake yi, yana rage yawan ƙwayar cutar, yana kuma kwantar da kumburin. Ba ya buɗe ƙofar da ta toshe, ba ya rage maiƙo ko kaɗan. Kenan ranar da kika daina sha, in ba ki da wani abu da ke share ƙofofin, komai yana nan yadda yake, sai dai jiran lokaci. Abin da ya yi ta faruwa da ni kenan shekara huɗu ban sani ba.

Saboda haka ki tsaya gaban madubi da rana ki kalli irin kurajen naki tukuna. In 'yan ƙananan nan ne masu baƙin kai ko farin kai, ba zafi ba kumburi, fuska dai ta yi gurji-gurji in kin shafa, to ke ba ki da harka da antibayotik sam, ko kwali goma kika shanye ba za su motsa ba, man shafawa ne maganinki. Waɗanda ake ba ƙwaya su ne masu kuraje jajaye masu zafi da ruwa, da yawa, ko waɗanda suke can ciki kaman ƙullutu su yi sati ba su yi kai ba, ko sun bazu baya da ƙirji inda hannu ba ya kaiwa, ko an yi wata biyu uku ana shafa magani na gaskiya ba canji, ko sun fara barin rami a fuska. Akwai kuma masu kama da kurajen fuska amma ba su ba ne. In duk girmansu ɗaya, ƙanana, a goshi ko ƙirji ko baya, kuma suna ƙaiƙayi in kin yi zufa, yana iya zama fangas ne, wato irin ƙwayar cutar da ke kawo makero da ƙyasfi, shi kuma antibayotik ƙara masa ƙarfi yake yi. Kurajen aski na maza a wuya da haɓa su ma daban suke, gashi ne ke lanƙwasawa ya koma cikin fata. Sai babban, wanda ya fi yawa a cikinmu kuma ba a son faɗa, kurajen da man bilicin da tub ɗin nan masu haɗi uku suke haifarwa. Ki juya kwalin ki karanta, yawancinsu da sitiroyid a ciki, wato wani magani mai ƙarfi na kwantar da kumburi, satin farko fuska ta yi luwai ki ce kin dace, daga baya ta feso da kuraje, fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito. Mai irin wannan in ba ta rabu da man ba, babu ƙwayar da za ta cece ta.

Daga nan sai asibiti. A nan Jos ga asibitin koyarwa na jami'a, JUTH, a Lamingo, ga Plateau Specialist, ga Jankwano, ki yanki kati ki ga likita, in ya ga abin na likitan fata ne zai tura ki. Na san layi, na san sanyin safiya a kan benci, na san kuɗin Keke, amma ki lissafa abin da kika kashe a kemis da wajen masu haɗa mai a Instagram za ki ga asibitin ya fi araha. Mai kemis na layi lasisinsa bai ma kai ga sayar da antibayotik ba, magani ne da ake bayarwa da takardar likita. Ranar da za ki je ki tattara duk abin da kike shafawa ki zuba a leda, sabulu, kirim, tub, har haɗin da ba shi da suna, kar ki ji kunya, likita ya ga wanda ya fi naki. Kuma ki faɗa masa abubuwan nan ko bai tambaya ba: kina da ciki ko kina nema ko kina shayarwa, kina shan maganin ƙarin jini ko na olsa ko na farfaɗiya ko na tsinka jini, wani magani ya taɓa sa miki ƙuraje ko kumburin baki, al'adarki tana zuwa daidai ko tana tsallake.

Wanda aka fi rubutawa shi ne doksisaikilin, a famasi ana ce masa doksi kawai, yawanci miligiram 100 sau ɗaya a rana, wani likitan yakan ba da 50, wani sau biyu, ya danganta da abin da ya gani. Shi aka ba ni. Ja da yalon da aka ba ƙanwar maigidana tetirasaikilin ne, gidansu ɗaya da doksi, yana aiki a kuraje amma ya fi fitina, sai ciki ba komai ake shan sa, sau biyu ko fiye a rana, madara kuma tana rage masa ƙarfi sosai, kuma kwana biyar ɗin da aka ce mata ko gaisawa da kurajen bai isa ba. Akwai minosaikilin, yana aiki amma yakan sa jiri, in an daɗe a kansa yana iya barin wani duhu mai shuɗi-shuɗi a fata ko dasashi, shi ya sa likitoci da yawa ba sa farawa da shi. Eritiromaisin da azitiromaisin ana ajiye su ne ga wanda ba zai iya shan dangin doksi ba, kaman mai ciki, don ƙwayar cutar ta saba da su a wurare da yawa. Septrin wasu likitocin kan kai gare shi in komai ya ƙi, amma shi ne wanda nake roƙonku da Allah kar wanda ya saya da kansa saboda kuraje, yana cikin magungunan da kan sa fatar mutum ta saɓule kaman wanda ya ƙone har cikin baki da ido, ba kowa yake yi wa ba amma wanda ya samu sai gadon asibiti. Ampiclox da 'yan Najeriya muka mai da shi maganin komai, shi ba ya cikin na kurajen fuska.

Mai ciki ba ta shan doksi ko tetirasaikilin ko minosaikilin, mai shayarwa ma ba a ɗora ta a kan su na watanni, yara ƙanana ma haka, ƙasa da shekara 8 ba a ba su, a Ingila ma sai 12, saboda yana shiga ƙashi da haƙoran da ke kan fitowa ya rina su kuma rinin ba ya fita da buroshi. In kina cikin sha kika ga wata ya wuce ba ki ga al'ada ba, ki ajiye ki yi gwaji ki kira likitanki. Masu shan ƙwayar tsarin iyali kuma, doksi ba ya rage mata ƙarfi, sai dai in ya sa ki amai ko gudawa, nan ne za ki yi hattara.

Yanzu yadda ake haɗiyewa, kar ki raina wannan, a nan na sha wuya. Doksi da ruwa cikakken kofi ake shan sa, kina zaune ko tsaye, kuma kar ki kwanta sai bayan minti 30 ko fiye. Ni satina na biyu wani dare na dawo a gajiye ga sanyi, na tuna ban sha ba har na shiga bargo, na miƙa hannu na haɗiye da ɗan guntun ruwan da ya rage a leda na koma na kwanta. Da asuba na tashi kaman an ajiye min garwashi a tsakiyar ƙirji, kwana huɗu ko kunu na haɗiya sai na runtse ido. Kafson ne ya maƙale a hanyar abinci ya narke a wurin ya ƙona ta. Tun daga nan na mai da shi bayan abincin rana. Da abinci ya fi, don in ciki wayam ne yakan tayar da zuciya har amai. Ki zaɓi lokaci ɗaya ki sa alam a waya, in kin manta ki sha da kin tuna, in kuma har lokacin na gaba ya kusa ki bar wancan ya wuce, ba a haɗa biyu.

Sai abubuwan da ke riƙe maganin a ciki su hana shi shiga jini. Maganin ƙarin jini, maganin olsa na ruwa mai farin nan da na taunawa, ƙwayoyin kalsiyam da zinki da haɗin bitamin masu su a ciki, duk ki ba su tazarar awa 2 zuwa 3 tsakaninsu da doksi. Madara da yogot da kindirmo ba sa kashe doksi kaman yadda suke kashe ja da yalo, amma ni dai ba na haɗa su lokaci ɗaya, in zan sha fura da nono da rana to maganin ya koma bayan la'asar, shikenan. Shayi mai kauri da madara na safiyar Jos ma haka, ki bar tazara.

In azumi ya riske ki a kai, inda mutane suka fi faɗawa shi ne sahur, a haɗiye a gurguje a koma barci, ga ƙarancin ruwa yini guda, wannan gayyatar ƙunar ƙirji ce. Gara bayan buɗa baki in kin ci abinci sosai, kafin ki tafi tarawi, lokacin kina tsaye kina zirga-zirga. In dole sai da sahur to ki sha ruwa sosai ki zauna har ki yi sallar asuba kafin ki kwanta. Wanda aka rubuta wa sau biyu a rana ya tambayi likita yadda zai raba, kar ya haɗe su.

Rana kuma. Doksi yana sa fata ta kasa jure rana, kuma mu a Jos sanyin nan yana yaudararmu, gari ne a kan tudu sama da mita 1,200, iska na kaɗawa kina jin daɗi ba zufa amma ranar tana cin fata. Kar ki ce ai ni baƙa ce, baƙar fata ma tana ƙonewa, kuma ko ba ki ƙone ba tabon da ke fuskarki ƙara duhu yake yi. Sanskirin, wato man kare fata daga rana, mai lamba 30 ko sama kullum da safe, in za ki shiga kasuwar Taminus ko Katako ki yini ki ƙara shafawa, lema ko hula ma ba laifi.

To ga inda maganar take. Ba a shan antibayotik shi kaɗai. Duk likitan da ya san aikinsa zai haɗa miki da abin shafawa, yawanci benzoyil feroksaid ko adafalin ko duka biyun. Adafalin shi ne Differin, haɗinsu a tub ɗaya kuma Epiduo, akwai wasu kamfanonin masu sauƙin kuɗi, ki tambayi mai famasi. Benzoyil yana kashe ƙwayar cutar ta hanyar da ba ta iya sabawa da ita, shi ya sa yake tsare antibayotik ɗin daga lalacewa. Adafalin kuma shi ke yin aikin da ƙwaya ba ta iyawa, yana share ƙofofin ya hana sababbi toshewa. Ƙwayar tana zuwa ne ta kashe gobara ta tafi, waɗannan biyun su ne za su zauna a gidan. Ni da farko raina tub ɗin na yi, ina ganin ai ƙwaya ce magani na gaske, ashe shi ne mai gidan.

Yadda za ki shafa: ki wanke fuska da sabulu mara ƙarfi, da hannu, ba soso ba, ki bari ta bushe sarai, ki matso adafalin kaman ƙwayar wake ɗaya tak, ki ɗiga a goshi da kumatu da haɓa ki baje a duk inda kurajen ke fitowa, ba kan ƙurji ɗaya-ɗaya ba, ki kauce wa gefen ido da gefen hanci da leɓe. Da daddare. Ki fara da dare biyu ko uku a sati, in fata ta saba ki ƙara har ya zama kullum. Benzoyil na kashi 2.5 ko 5 ya isa, na 10 ƙarin raɗaɗi ne kawai ga yawancin mutane. Gargaɗi ɗaya da ba wanda ya min: benzoyil yana cin kalar kaya. Hijabina ruwan toka mai kyau da rigar filo biyu da tawul duk sun yi dabbare-dabbare, ki ware tsohon tawul fari da rigar filo fara, ki wanke hannu bayan kin shafa, ki bari ya bushe kafin ki sa mayafi. Mai ciki ba ta shafa adafalin. Kuma in kina shan antibayotik kar ki ƙara da na shafawa irin su kilindamaisin a kai, ba ƙarin amfani, ƙwayar cutar kawai kike koya wa dabara.

Satin farko zuwa na uku fuska za ta bushe, ta yi ɓawo, ta ɗan yi raɗaɗi, wasu ma kurajen kan ɗan ƙaru kafin su sauka, in kuma cikin hunturu kika fara, Disamba ko Janairu da iskar nan mai tsaga leɓe, abin ya fi tsanani. A nan ne za ki ji kaman ki lafta man kwakwa ko man gashi mai kauri, ki daure, ki nemi mai mara nauyi wanda ba ya toshe fata ki shafa safe da dare, in raɗaɗin ya yi yawa ki huta kwana biyu ki ci gaba. Man kitso ma ki kula, wanda ke narkewa ƙarƙashin ɗankwali ya gangaro goshi, kurajen goshi da yawa daga nan suke. Lemon tsami, man goge baki, tafarnuwa, gurza fuska da sukari, duk ki ajiye. Amare masu shirin biki ku ji da kyau, dilka da gurza a kan kuraje masu ruwa fasa su take yi ta bar tabo, kuma in saura sati biyu ɗaurin aure babu antibayotik da zai gyara fuska kafin ranar, wata huɗu kafin biki ake fara wannan shirin. Matsa ƙurji kuma, na san daɗinsa, ni ma sai da na yanke farce na rufe ƙaramin madubin jakata kafin na iya bari.

Haƙuri shi ne rabin maganin. Kafin sati 6 zuwa 8 ba lallai ki ga wani abin kirki ba, cikakken sakamako sai wajen sati 12. Madubi kullum ba zai nuna miki ba, ki ɗauki hoto ranar farko a bakin taga ba hoda ba filta, ki maimaita duk sati biyu a wurin, ni sai da na jera hotuna huɗu sannan na yarda ana tafiya. Abin da za ki fara lura shi ne masu zafin nan na can ciki sun rage fitowa, in sun fito ma ba sa daɗewa.

Ƙananan matsaloli kaman tashin zuciya, ɗan sakin ciki, ko ga mata ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai kauri, suna faruwa, don maganin yana taɓa har ƙwayoyin da ke tsaron jiki, ki faɗa wa likita akwai maganinsu, kar ki yi shiru ki hau shan na infekshan barkatai. Amma akwai waɗanda ba a jira da su, a daina sha a tafi asibiti a ranar: ciwon kai mai tsanani da bai jin magani tare da gani dishi-dishi ko bibbiyu, kumburin fuska ko leɓe ko numfashi ya yi wuya, ƙuraje ko ƙuna da suka bazu jiki ko gyambo a baki da ido, gudawa mai yawa da ta ƙi tsayawa ko da jini, ido ya yi ɗorawa, ko haɗiya ta gagara.

Sai ranar ajiyewa, wadda ita ce ba a faɗa wa mutane. Wata 3 ake nufi, zuwa 4. Ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila ta fitar a 2021 ta ce a duba mutum bayan sati 12, in fuska ta washe a tsayar da ƙwaya a ci gaba da shafawa, in ta yi sauƙi amma da saura ana iya ƙara wasu sati 12, wuce wata 6 kuwa sai da babban dalili. Likitocin fata na Amurka ma a 2024 kan haka suka tsaya, a gajarta, a haɗa da benzoyil. Na san wata da ta ji daɗin doksi ta riƙe takardar likita ɗaya tana ta saye fiye da shekara, ƙarshe kurajen suka dawo tana cikin sha. Ƙwayoyin cuta sabawa suke yi, kuma ba na fuska kaɗai ba, har na hanji da na maƙogwaro, kuma kina iya raba su da mijinki da yaranki. Doksin nan da muke wasa da shi da shi ake maganin kwalara da wasu cututtukan sanyi, ranar da ake buƙatarsa da gaske ana so ya kama. A 2019 kaɗai an ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cuta da suka daina jin magani, kuma ƙasashenmu na Afirka ta Yamma suna cikin inda abin ya fi muni. Haka shan kwana biyar a daina a dawo, irin nawa na da, shi ma horar da ƙwayar cutar ne.

Bayan kin ajiye, tub ɗin nan ki riƙe shi watanni, wasu shekaru ma, ko da dare uku a sati ne. Ni yau shekara biyu rabona da doksi, adafalin kuwa yana nan kan durowa, ƙurji ɗaya biyu gab da al'ada ba ya ɗaga min hankali. In kuma an kai sati 12 kina bin komai ba canji, kar ki ƙara wa kanki yawan ƙwaya ko ki canja wata, ki koma. Mace mai kuraje a haɓa da muƙamuƙi, ga al'ada na tsallake, ga gashi a haɓa, matsalar homon ce mai yiwuwa, ana dubawa kuma maganinta daban ne. Masu manyan ƙullutu da ke barin rami ana kai su ga aisotiretinoyin, wanda aka fi sani da Roaccutane, yana aiki sosai amma likitan fata kaɗai ke ba da shi da gwajin jini, yana nakasa jariri in aka samu ciki a kansa, kuma ba a taɓa haɗa shi da doksi don haɗin yana iya ɗaga matsin ruwan cikin kai. Duk wadda ta ce za ta turo miki shi a waya ta tasha ki toshe ta.

Baƙin tabo kuma kar ki sa rai ƙwaya za ta goge shi, ba aikinta ba ne. Mu masu duhun fata tabon ma yakan fi ƙurjin damunmu, yana ɗaukar watanni kafin ya dushe, adafalin yana taimakawa, akwai azeleyik asid shi ma, da sanskirin kullum, da hana sabon ƙurji fitowa. Nan ne shaiɗanin bilicin yake dawowa yana raɗa miki a kunne, kin dai ji abin da na faɗa a sama.

Wurin saye, famasi mai rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kwalin da idonki, ban da masu yawo da magani a faranti cikin rana a tasha, dangin tetirasaikilin in sun lalace suna iya taɓa ƙoda. Ki ajiye inda ba zafi ba laima, nesa da yara.

Ita dai ƙanwar maigidana na ce ta mayar wa mai kemis kafsonsa ko ta ajiye kar ta taɓa, Litinin da sassafe zan biyo mu tafi tare, na ce ta haɗo duk mayukanta a leda. Ta ce "Anti har wanda Umma ba ta san ina shafawa ba?" Na ce shi ma za ki fara sawa. Ɗazu ta turo hoton ledar, tub bakwai na ƙirga, huɗu a ciki masu haɗi ukun nan ne.